Direban da Ke Ɗanɗana Ruwa

A unguwar Zahir ta Makka, in ka ce Wada, sai an tambaye ka wane Wada, domin su uku ne. Amma in ka ce Wada mai harshe, to ba wanda zai sake tambaya. Ba kuma surutu ne ya jawo masa sunan ba, don mutumin in ba dole ba sai ya wuni bai yi magana goma ba. Wata ɗabi'a ce gare shi. Duk ruwan da zai zuba wa mota, sai ya fara tsoma yatsa ya kai baki, ya ɗan runtse ido, sannan ya zuba ko ya fasa. Direbobi sun yi masa dariya har sun gaji. In ya zo wucewa ta bakin kasuwa sai ka ji wani ya ɗaga murya, "Ya Wada, yau me motar za ta sha, shayi ko gahawa?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Ruwa dai shi ne karatunsa na farko. Yana da shekara goma sha bakwai ya iso Makka, a farkon shekarun 1930, bayan tafiyar shekara shida da shi da mahaifinsa suka yi daga ƙasar Kano. Sun ratsa Barno da ƙasar Chadi, sun yi noman auduga a Sudan, suna tara guzuri suna matsawa gaba. A Sawakin, bakin teku, zazzaɓi ya kwantar da tsohon, kwana huɗu ya cika. Wada ya tsallako shi kaɗai, ya yi hajjinsa, ya duba bai ga abin da zai koma ya tarar a gida ba, ya zauna.

Sana'ar da ta fi kusa da hannun baƙo a lokacin ita ce ga-ruwa. Garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, ka ɗebo daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, ka hau benayen Makka masu hawa huɗu da biyar. Shekara tara Wada yana wannan. A nan harshensa ya koyi abin da ya koya. Ruwan Zubaida, wanda ke gangarowa ta magudana daga duwatsu, mai sauƙi ne a baki. Ruwan rijiyoyin gari yana da ɗaci-ɗaci, kuma kowace rijiya da irin nata. Zamzam kuwa ba ya ɓuya, ruwa ne mai nauyi da ɗan gishiri-gishiri, kana sha kana jin ka ƙoshi. Matan gida in sun yi zargin wani mai ga-ruwa ya haɗa musu ruwa, Wada suke kira ya raba gardama.

Sandar ce ta ci masa kafaɗar dama. Wata rana yana tsakiyar bene ya ji wani abu ya ce ƙas, garewani suka gangara, kuma tun daga ranar hannun bai sake ɗaga nauyi sama da kai ba. Lokacin bai daɗe da auren Shatu ba, 'yar Hausawan Sudan, mai soya gyaɗa, suna zaune can wajen Kudai a wani ɗaki na kwanon garwa da aka fasa aka miƙe.

Cikin waɗanda yake kai wa ruwa akwai wani bakanike, Usta Dawuda, Bahaushe ne da ya koyi inji a kan manyan motocin auduga a Sudan. Shi ya ce masa, "Kafaɗa ta tafi, amma yatsu suna nan. Zo ka riƙe mini sifana." Shekara biyar ya yi a garejin. Usta Dawuda ba ya koyarwa da lallashi, kuma karatunsa gajere ne. Inji, in ji shi, abu huɗu yake roƙo: mai mai tsabta, iska mai tsabta, wuta a kan lokaci, da ruwa mai daɗi. Duk wanda ya ba shi huɗun nan ya kwana lafiya. A wajen na huɗun ne almajiri ya fi malaminsa, kuma malamin bai ɓoye ba.

Bayan yaƙin duniya ya ƙare, wani ɗan kasuwar yadi a Zahir, Yunus, ya sayi mota a Jidda. Ɗan mutanen Katsina ne, a Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya je wurin Usta Dawuda neman direban da ya san ciki da wajen inji, aka ba shi Wada. Tare da makullin aka ba shi ɗaki biyu a bayan gida, ya kwaso Shatu da 'ya'yansu daga Kudai. Karon farko ke nan da suka kwana ƙarƙashin rufin da ba ya ƙuna da rana.

Motar 'yar Amurka ce, baƙa, ƙirar kafin yaƙi, ta riga ta sha hannu kafin ta zo. Silinda shida a jere, fulogi shida, giya uku da ta baya. Murfin lagiretonta a waje yake, a kan hanci, ba sai an ɗaga bonet ba, kuma in an juye ruwan duka takan sha garwa ɗaya saura kwata. Ba mai gudu ba ce, amma inji ne mai haƙuri, irin wanda in ba ka cuce shi ba ba zai cuce ka ba.

Wada ya tsara mata rayuwa kamar ta mai jego. Kullum bayan hantsi ya ɗan ɗaga, kafin a tayar da ita, zai zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya murza man a yatsa ya ji ko da yashi. Zai danna fanbel da babban yatsa. Zai buɗe murfin lagireto ya cika abin da ta sha jiya, buta ɗaya ko ɗaya da rabi, da ruwan Zubaida da ya kwana a garwa ya kwanta, bayan ya ɗanɗana. Ran Alhamis yakan cire tukunyar tace iska ya wanke da kananzir ya zuba sabon mai, domin ƙurar hanyar Jidda ba ta da imani. Mil dubu in ya cika ya juye baƙin mai. Fulogi kuwa duk wata yake fito da su ya jera a kan tsumma, ya duba launinsu ɗaya bayan ɗaya: in ya ga ruwan ƙasa ya yi murmushi, in ya ga baƙi ya koma kan kafireto. Fetur ma ba ya shiga tanki sai ta cikin ƙyalle.

Shatu takan ce, "Ni dai da za ka duba ni yadda kake duba wannan baƙar, da na yi ƙiba."

"Ke ai kina faɗin abin da ke damunki," in ji shi. "Ita sai an tambaya."

Shekara biyar motar tana zirga-zirga tsakanin Makka da Jidda, tana hawa Ɗa'if da iyali lokacin zafi, ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Har magana ta zama a bakin mutane: motar Wada ba ta kwana a daji. Wannan suna shi ne dukiyarsa, ba shi da wata.

Sai shekarar 1370 ta Hijira, wato 1951. Wajen watan Sha'aban Wada ya lura motar ta rage shan ruwa. Ya buɗe murfi da safe ya tarar da ita cike, ko kusa da cika. Da yake bai daɗe da canza mata tiyo ba, sai ya ɗauka tsohon ne ke yoyo a ɓoye, ya yi hamdala ya rufe. Nan ne ya yi kuskurensa, kuma har ya tsufa yana faɗa: ruwan da zai zuba yake ɗanɗanawa, bai taɓa tunanin ɗanɗana wanda ya tarar ba.

Bayan azumi allurar zafi ta fara hawa. Ya ɗaure fanbel, ya duba famfon ruwa, ya gyara lokacin wuta, ya wanke fuskar lagireto da buroshi. Allura ta ƙi sauka. A Zulƙida, suna dawowa daga Jidda da dilolin yadi da wani baƙo ɗan kasuwa a baya, motar ta tafasa. Tururi ya turnuƙe gilashi, suka yi awa biyu a gefen hanya cikin rana, motocin da ke wucewa suna yi musu hon. Bayan sati biyu ta sake, wannan karon a cikin gari, a gaban mutanen da suka saba tsokanarsa.

Da suka isa gida Yunus bai shiga ciki ba, ya tsaya a haraba yana fifita da gefen rawaninsa.

"Ya Wada, esh hada, mene ne wannan? Sau biyu! Ka tsufa ne, ko motar ce ta tsufa?"

"Ina kan nema, maigida."

"Kana kan nema. Arfa saura kwana goma sha ɗaya, kuma ka san Inna ta ce bana ma sai ta je. Bayanta ba ya ɗaukar raƙumi, wannan motar ce ƙafarta." Ya nuna shi da yatsa. "Wallahi in ta tsaya da Inna a hanyar Arfa, sai ka sa mini makullin nan a hannuna. Khalas."

Wada ya san abin da ke rataye da makullin: ɗakuna biyun nan, da sunan da ya tara. Direban da aka karɓe wa makulli a ranar Arfa, ba mai sake ba shi wani a Makka. Kafaɗar kuma ba ta komawa ƙarƙashin sanda.

Inna Ummulkhairi, mahaifiyar Yunus, ta haura tamanin. Tana amarya aka taho da ita daga Katsina, kuma tun da ta zo ba ta taɓa fashin tsayuwar Arfa ba sai shekarun da haihuwa ta hana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ita kaɗai ce cikin iyalin ke Hausa tsantsa, shi ya sa take son zama da Shatu. Wada takan kira shi ɗan nan, shi kuma Inna, kamar kowa.

Washegari Wada ya kasa jiran hantsi. Ana idar da sallar asuba ya nufi motar, gari ya fara haske. Ya kama murfin lagireto ya ji shi a jiƙe. Ya buɗe, ruwa cike har wuya. Ya sunkuya zai leƙa, sai wani ƙamshi ya bugi hancinsa, ƙamshin da ba shi da abin yi a jikin mota. Mastika ne, ƙaron da mutanen Makka ke turara tulunan zamzam da shi. Ya tsoma yatsa ya kai baki. Bai ma runtse ido ba. Ya juya murfin, ya ga farin ɓawo ya kama cikinsa kamar kanwa. A ƙasa kuwa, a kan ƙurar haraba, ga sawun ƙaramin takalmi da ɗigon sanda a gefe, sun zo daga ƙofar cikin gida sun koma.

Ya zauna a kan matakin motar ya riƙe kai. Ya gano ciwon, amma maganin ya fi ciwon wuya. Ya je ya ce wa Yunus mahaifiyarka ce? Ko ya tsaya a garin Makka ya buɗe baki ya ce zamzam ya ɓata abu? Ko ɗaya ba ya faɗuwa.

Ya gaya wa Shatu. Ta dafe ƙirji, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Tun rasuwar Rabe ne." Rabe maƙwabcinsu ne, motarsa ta kife a hanyar Jidda a farkon Sha'aban. "Ran da aka kawo gawarsa Inna ba ta ci abinci ba. Ta ce mini ɗanta kullum yana kan wannan hanya, ita kuma ba ta da abin da za ta tsare shi da shi."

"To yaya zan yi da ita?"

"Kada ka ce mata ta yi laifi. In ka ce, gobe buta biyu za ta zuba."

Kashegari da asuba Wada ya riga ta. Yana tsugune a gaban motar ta fito, sanda a hannu ɗaya, 'yar butar tagulla a ɗayan. Da ta gan shi ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da tahowa kamar ba komai.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Yau kai da zakara kuka yi gasa?"

"Inna, me ke cikin butar?"

"Abin da ya fi wanda kake ba ta. Matsa mini."

Bai matsa ba, amma bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Inna, ina so in nuna miki wani abu, in kin gani kika ce a zuba, ni da hannuna zan zuba."

Ya karɓi butar ya ajiye a kan bonet. Ya ɗebo ruwan garwa ya ƙara a kan wanda ke ciki har ya kai baki. Nan take ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin motar, yana ɗiga cikin ƙura, daidai inda akuyar gidan ta kwana ta bar shaidarta. Ya nuna mata wani siririn bututu da ya sauko ta bayan lagireto.

"Wannan ita ce hanyar da take zubar da abin da ya yi mata yawa. In ta yi zafi ruwan ya kumbura, ta nan yake fita. A haraba, a kasuwa, a bakin kwata, duk inda muka bi. Jakuna su taka, mutane su taka da takalmi."

Tsohuwa ta sunkuya da ƙyar ta duba. Ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Duk wanda na zuba?"

"Rabi ya bi nan. Rabin kuma ta dafa shi har ya ƙone, abin da ya rage ya daskare a hanjinta, shi ya toshe ta. Ruwa ne mai nauyi, Inna, don cikin ɗan Adam aka yi shi. Ita wannan ƙarfe ce, ba ta da niyya, ba ta san abin da aka ba ta ba."

"Innalillahi," in ji ta a hankali. "Wata huɗu ina wanke titin Jidda da zamzam." Sai ta ɗago ta harare shi. "Kai kuma da harshen naka da ake ta yabo, sai yau ka ji?"

"Sai jiya, Inna."

"Ka gaya wa Yunus?"

"Ban gaya masa ba, ba kuma zan gaya masa ba."

Ba ta ce masa ya kyauta ba. Ta ɗauki butarta, ta miƙa masa. "Shanye. Ba na mayar da shi ciki." Ya shanye a tsaye, yana fuskantar alƙibla. Sannan ya ce mata in tana so, zai ɗaura ƙaramin tulu a bayan kujerarsa, kullum a cika shi da zamzam, maigida ya sha, direba ya sha, motar kuma ta ɗauke shi a inda ba zai zube ba. Ta ce za ta yi tunani. Kafin azahar tulun ya iso hannun Shatu, an turara shi, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Ranar Wada ya kwance lagireton ya kai wa Usta Dawuda a kan jaki. Tsohon ya narkar da dalmar tankin sama ya ɗage shi, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Wace rijiya ka ba ta? Kai da nake alfahari da kai?"

"Kuskure aka yi, Usta."

"Aka yi. Wa ya yi?"

Wada ya ɗauki siririn ƙarfen zura wa bututu ya fara aiki. Usta Dawuda ya dube shi, ya kai hancinsa bakin tankin ya shinshina, ya sake dubansa. Bai ƙara tambaya ba. Kwana biyu suka yi suna bin ƙananan bututun ɗaya bayan ɗaya, farin gari yana zuba kamar ana tankaɗe. Fiye da rabinsu a toshe suke. Suka liƙe tankin, suka gwada shi a cikin baho ba kumfa. Wada ya jiƙa cikin injin da khal, wato ruwan tsami, ya kwana, ya ɗauraye sau uku, ya mayar da komai. Ya hau da motar tudun da ya fi kowane tsayi a kusa, da tsakar rana, allura ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba.

Yunus ya tambaye shi me ya samu. Ya ce, "Datti ne a lagireto, an fitar."

"Datti. Shekara biyar ba datti sai bana?" Wada ya ci gaba da goge bonet. Yunus ya ce, "Tayyib. Maganata tana nan."

Ran takwas ga wata suka fita Mina suka kwana. Ran tara, rana na fitowa, suka kama hanyar Arfa: Wada da Yunus a gaba cikin harami, Inna da matar Yunus a baya. Hajjin shekarar a ƙarshen zafi ya faɗo, irin zafin da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Bayan Muzdalifa, inda duwatsu suka matse hanya, komai ya cakuɗe: manyan motoci, raƙuma, masu tafiya a ƙasa suna Labbaika. Tafiya ta koma taku ɗaya, tsayawa, taku ɗaya. Hagu da dama motoci ne a gefe, bonet a ɗage, tururi na tashi. Wada yana kallon allura, allura tana zaune lafiya.

Sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Wada ya taka mai, ta amsa da ƙyar, ta shaƙe, ta mutu. Da sauran gudun da ke jikinta ya gangara da ita gefe.

Wada ya fita ya ɗaga bonet. Ruwa bai tafasa ba, ko alama. Ya taɓa famfon fetur ya janye hannu da sauri. Ya gane. Rashin iska da tafiyar kunkuru sun sa fetur ɗin kansa ya tafasa a cikin bututu ya zama iska, famfo kuwa ba ya jan iska. Ba lalacewa ba ce, sanyi kawai take so. Amma ta tsaya, kuma Inna na ciki.

Yunus ya fito, fuska a murtuke, ya miƙa tafin hannu. Wada ya zare makullin ya sa masa.

"Yunusa," in ji Inna ta taga. "Zo nan."

Ya zo.

"Ba ni abin da ke hannunka." Ya yi jim, ya ba ta. "Rantsuwarka ta cika, ya sa maka a hannu, kowa ya gani. To yanzu kai za ka tuƙa mu?"

"Inna, kin san ban iya ba. Amma mutumin nan sau uku ke nan..."

"Biyu nawa ne. Ni na yi wata huɗu ina ɗura mata zamzam da asuba, don kada ta kashe mini kai kamar yadda ta Rabe ta kashe shi. Shi ya toshe ta. Ɗan nan ya kama ni da buta a hannu, ya rufa mini asiri, ka yi ta zaginsa yana shiru. Na yau kuma dubi hanya, ka ƙirga mini motocin da ke tsaye. Su ma duk Wada ne ke jan su? Kana cikin harami kana neman husuma."

Yunus ya juya ya dubi motocin da ke tsaye. Ya dubi Wada, Wada na duban ƙasa.

"Kai kuma," ta ce wa Wada, "me take so?"

"Ruwa mai sanyi, Inna, a kan famfon fetur. Na garwa yana bayan mota tun safe, ya yi zafi kamar shayi."

Kowa ya san inda ruwa mai sanyi yake a motar. Inna ta dubi tulun da ke bayan kujera. Ta zaro farin adikonta, ta karkata tulun a hankali ta jiƙa shi, ta matse rarar a tafinta ta shafa a fuska, ba ta bar ɗigo ya faɗi ba.

"Wannan zai zuba ƙasa?"

"A'a, Inna. Sama zai tashi."

"To ungo."

Ya naɗe famfon da adikon, ya yi cuu, tururi ya tashi. Sau uku tana jiƙawa yana naɗawa. Ya bar bonet a buɗe iska ta ratsa kamar tsawon karatun izu ɗaya. Sannan ya zo taga ya tsaya, don makullin na hannunta. Ta miƙo masa. Ya shiga ya taka sitata, injin ya juya, ya juya, ya yi tari ɗaya, ya kama.

Sun shiga Arfa kafin rana ta karkata. Inna ta yi tsayuwarta a zaune a bakin tanti, hannu a sama har faɗuwar rana. Wajen la'asar Yunus ya zo inda Wada ke zaune a inuwar motar, ya tsuguna kusa da shi. Can ya ce, "Samihni, ya Wada. Ka yafe mini."

"Ba komai, maigida. Amma in mun koma zan sa wa famfon nan garkuwar kwano tsakaninsa da inji."

"Sa mata duk abin da kake so."

Ya sa mata, kuma ba ta ƙara yi ba. Inna ta sake tsayuwar Arfa biyu a motar kafin ta rasu. Wada ya ja baƙar har shekarar da kayan gyaranta suka ɓace daga kasuwa, Yunus ya sayi sabuwa mai murfin lagireto a ƙarƙashin bonet, ya ba shi makullin ba tare da an yi magana ba. Tulun ya koma sabuwar motar, a bayan kujerar direba.

Abu ɗaya ne ya canza a tsarinsa na safe. Tun daga shekarar, sau biyu yake tsoma yatsa: ɗaya a garwa, ɗaya a bakin lagireto. Direbobin kasuwa suka samu sabon abin tsokana, suna cewa yanzu Wada har ragowar motar yake sha. Shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya wuce.